Tunau da Kayan Giyar Gayya

A wani ƙauyen Maguzawa da ake kira Gidan Kanya, can kudancin ƙasar Katsina, akwai wani gida mai mutum uku: tsoho Ranau, da 'yarsa Marka wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da ƙanenta Tunau. Tunau ƙato ne, gemu ya riga ya cika masa haɓa. In ya kama fartanya, kafin ka kai tsakiyar kunyarka ya kai ƙarshen tasa ya juyo. Bai taɓa zagin kowa ba, ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Matsalarsa guda ce. Magana yadda ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. In ka ce masa ya ja bakinsa, sai ya sa yatsu biyu ya kama leɓe ya ja.

A daminar da nake ba ku labari, Ranau ya hau rumbu zai gyara jinka, ƙafa ta zame, ya faɗo a kan ƙugu. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya ce kada ya motsa sai bayan kaka. Ga ruwa yana ta zuba, ga ciyawa ta taso wa babbar gonar gidan har tana neman shaƙe dawa. Tunau yana nome gabas, yamma tana sake rufewa. Marka ta je ta tsaya a bakin gonar ta duba, ta san in ba a kira gayya ba, bana rumbunsu iska zai ajiye. A Gidan Kanya kuwa ba a kiran gayya da baki kawai. Maza za su zo da fartanyoyinsu, ba sa neman lada, amma dole su tarar da giya a gindin itace.

Marka ba ta taɓa dafa giya ba. A gidan aurenta uwar miji ce mai wannan aiki, ba ta barin kowa ya kusanci tukunyarta. Kayan mahaifiyarta kuma sun farfashe tun shekarar da ɗaki ya rufta musu. Sai ta tafi wurin maƙwabciyarsu Inna Tarana, wadda duk ƙauyen ya yarda babu mai hannunta a giya, ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta.

Tarana ta ce, "Tashi, 'yar nan, wannan ba abin durƙuso ba ne. Mai fara koyo ba ta tara kaya. Tukunya babba ta dahuwa, randar da za a zuba, kwandon tacewa, shi ke nan. Muciya ina da ta aro. Ƙwarya kuwa kowane namiji da tasa yake zuwa."

Marka ta dawo gida zuciyarta ta yi sanyi. Sai dai tsoho ba ya iya ko juyawa sai an taimake shi, ba ta da halin yawon neman kaya. Wanda za ta aika guda ne a duniya, ga shi can yana wasa fartanya.

Wata rana ta kira shi ta ce, "Tunau, ga gyaɗa a ƙwarya, kai wa Gwaggo Dela maginiya, ka zaɓo mana tukunyar dahuwa. Kada ka bi kyan ido. Ka ƙwanƙwasa kowace, wadda ta amsa da murya garau ita ce mai lafiya."

Ya ce, "To, Yaya."

Ya tarar Dela ta tafi haƙo yumɓu, tukwane kuwa ga su jere a tsakar gida. Ya ajiye gyaɗa, ya tsuguna gaban ta farko, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Gafara dai!" Ya kara kunne. Shiru. Ya matsa ga ta biyu, ya ƙwanƙwasa, ya gaishe ta da kwana, ya tambaye ta gajiya. Shiru. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare layin, ransa ya ɓaci, ya ce bai taɓa ganin tukwane marasa tarbiyya irin waɗannan ba. Zai fita ke nan sai ya hango wata tsohuwa a bayan rumbu, a kishingiɗe, tsaga ta ratsa ta daga baki har gindi. Ya je ya ƙwanƙwasa. Daga ciki aka ce, "Ƙo-ƙo-ƙo-ƙo!" Kazar Dela ce take kwanci a kan ƙwai. Tunau ya yi murmushi ya ce, "Madalla, ga 'yar gidan mutunci." Ya rufe bakinta da faifai, ya aza a ka, ya kama hanya, tana amsawa yana ba ta labari.

Marka ba ta gama riƙe baki ba sai ga Dela ta faɗo gidan, hannu duk yumɓu, tana cewa a fito mata da ɓarawon kaza. Amma da ta leƙa ɗaki ta ga Ranau kwance a ɗaure, ya rame kamar ba shi ne mutumin da ya yi mata jinkar ɗaki bara ba, sai faɗan ya mutu a bakinta. Ta tsuguna ta gaishe shi. Marka ta ba ta labari, ta yi dariya har ta shafa wa fuskarta yumɓu. Ta koma gida da kanta ta ɗauko tukunya mai kaurin gindi, ta buga ta da zobe a gaban Marka, ta yi ƙara kamar ƙarfe. Ta ce, "Kin ji amsar da ake nufi. Kazar kuma ku bar ta nan ta ƙyanƙyashe, in aka sake ɗaga ta za ta guji ƙwan." Marka ta raka ta har bakin hanya tana godiya. Tunau ya tsaya yana kallon sabuwar tukunyar, ya ce shi dai har yanzu bai ji ta ce komai ba.

Wata rana, ranar kasuwa, Marka ta ce, "Yau kwandon tacewa za ka samo. Ka saurara da kyau. Wanda ruwa zai wuce, amma tsaki ba zai wuce ba." Ita tsakin hatsi take nufi, wato ɓarzajjen da ke saura in an niƙa.

Tunau ya isa rumfar wani dattijo mai saƙar kwanduna, ana ce masa Jatau. Ya gaishe shi da ladabi, ya ɗauki kwando guda ya kifa a kansa har wuya. Daga ciki ya ja wani dogon tsaki, "Mtsssw!" Sannan ya ɗaga ya ce, "Baba, ka ji?"

Jatau ya ce, "Kai! Ni kake yi wa tsaki?"

Tunau ya ce, "Ka ji ke nan. Wannan bai yi ba."

Ya ajiye, ya ɗauki wani, ya kifa, ya ja wanda ya fi na farko tsawo. Jatau ya miƙe ya ce furfurarsa ta girmi uban wanda ya aiko shi. Tunau ya ce ai ba ubansa ne ya aiko shi ba, yayarsa ce. Mutane suka taru, masu awaki suka bar awakinsu, ana ta ƙyaƙyata dariya, shi kuwa yana ta kifa kwanduna yana tsaki da iyakar gaskiyarsa, zufa na karyo masa. Da Jatau ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, kuma ya lura ƙaton nan babu ƙeta a idonsa, sai ya jawo wani kwando da aka shafe ciki da waje da laka don ajiyar iri, ya ce, "Gwada wannan." Tunau ya kifa, ya yi tsaki. Jatau ya ce, "Ko kaɗan ban ji ba. Ɗauki ka tafi, Allah ya raka taki gona." Tunau ya ce ba gona za shi ba, gida za shi, ya yi godiya ya tafi.

A gida Marka ta zuba ruwa a kwandon, ruwa ya zauna daram kamar a cikin masaki. Ta dubi kwando, ta dubi ƙanenta da ke jiran yabo. Ta jiƙa shi ya yi laushi, ta zauna ta kankare lakar da bayan wuƙa, ta wanke shi tas. Ashe a ƙarƙashin lakar saƙa ce 'yar ƙanana, matsattsiya. Tarana ta ɗaga shi a rana ta duba ta ce, "Wa ya zaɓa miki wannan? Nawa ma bai kai shi ba." Marka ta ce, "Doguwar magana ce, Inna."

Wata rana aka kawo sabuwar randa daga gidan Dela. Tarana ta riga ta gaya wa Marka cewa sabuwar randa sai an cika ta da ruwa ta tsotsa ta ƙoshi, in ba haka ba ita za ta shanye rabin giyar. Marka tana cikin ɗaki tana juya mahaifinta, sai ta ɗaga murya ta ce, "Tunau, ka ba randar nan ruwa ta sha ta ƙoshi!"

Tunau ya san yadda ake shayar da babbar dabba. Ya ɗaura mata igiya a wuya, ya ga ba ta da niyyar tafiya, ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi rafi. Ya shiga har gwiwa, ya karkata bakinta a ruwa, yana yi mata fito a hankali yana shafa bayanta. Randa ta fara, "Ɓul, ɓul, ɓul." Ya ce, "Ayya, ashe ƙishirwa ce ta hana ki tafiya. Sha abinki." Bai sani ba an yi ruwa mai ƙarfi a kan tudu. Kafin ya ankara rafi ya ciko, ja wur, ya fizge randar. Tunau kuwa an ba shi amana, bai saki igiya ba. Ruwa ya kwashe su duka biyu.

Wata mata mai wanki ce ta rugo ta gaya wa Marka. Marka ta fita ba ko ɗankwali, tana bin gaɓar rafi tana kiran sunansa, ƙaya na yagar ƙafarta ba ta ji. A ranta tana cewa ita ta kashe shi, ita da bakinta, a kan tukunyar ƙasa. Ta yi nisa, muryarta ta dushe, sai ta hango wani abu yana tahowa ta cikin gonakin gero, kansa ƙato kamar rumbu. Tunau ne, randa a ka, gwiwoyi duk sun ɗaye, riga ta tafi.

Ya ce, "Yaya, ta ƙoshi. Har ta yi amai sau da yawa."

Marka ta rungume shi da randar gaba ɗaya, tana kuka tana dukan ƙirjinsa. Da suka sauke ta a gida, ko tsaga babu, sai ga tarwaɗa biyu manya suna juyi a ciki. A yammacin nan tsoho Ranau, wanda tun faɗuwarsa bai ci abin kirki ba, ya sha romo har ya nemi ƙari. Marka ta zauna tana kallon su, uba yana tsotsar ƙashin kifi, ɗa yana hura ciwon gwiwa, ta ce a ranta ko giyar ba ta yiwu ba, yau dai Allah ya yi mata komai.

Ana cikin haka aikin dawar da za a yi giyar da ita yana tafiya. Marka ta share ragowar da ke gindin rumbu, ta jiƙa, ta baza a kan ganye ta rufe, ta yi ta yayyafa ruwa har ta tsira, ta yi ta fakon rana tana shanyawa tana kwashewa har tsiron ya bushe. Saura niƙa, dutsen niƙa mai kyau kuwa yana gidan Tarana.

Wata rana da hantsi ta ɗaure tsiron a buhu ta ce, "Ɗauki ka kai dutse, ina nan tafe in na ba Baba kunu."

Ta gama, ta tafi gidan Tarana, ba Tunau ba buhu. Tana tsaye sai ga shi ya shigo hannu wofi, yana haki, fuska cike da fara'a.

Ta ce, "Ina tsiron?"

Ya ce, "Na kai dutse, Yaya. Ban tsaya a ƙananan ba, na hau can ƙoli, na ɗora a kan wanda ya fi kowane girma. Har na kwance bakin buhun don kada ki sha wahala."

Dutsen da ke bayan ƙauyen yake nufi, wanda birai suka mayar gida. Marka ta tattara zani ta ruga, yana biye. Kafin su kai sama sun ji shewarsu. Suka tarar da buhu a yage, birai sun zagaye shi, kowane kumatu cike, wani babba ma yana zaune a kai kamar mai gari. Tunau ya kore su. Abin da suka tsince a tsakanin duwatsu bai cika ƙwarya ba.

Marka ta zauna a kan dutsen. Daga nan ana hango gonarsu, kore shar, amma ta san yawancin koren nan ciyawa ce. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Tunau ya tsuguna nesa kaɗan, ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce a hankali, "Yaya, ba wannan dutsen ba ne?"

Ta ce, "Ba shi ba ne, Tunau."

Ya ce, "Akwai wani can gaba. In kai ragowar?"

Ta ce, "A'a. Mu je gida."

Ba ta gaya wa kowa ba, amma a ƙauye ba a ɓoye mace da ta sauko daga dutse da yagaggen buhu. Washegari tana shara sai ga Tarana da ƙwarya a rufe, ta juye a masakin da ke ƙofar ɗaki, busasshen tsiro ne, ta ce, "Na ajiye don dahuwar wannan mako, amma ba gaggawa nake ba." Kafin ta fita sai ga Dela. Bayanta matar mai ɗori, bayanta matar da ta kawo labarin rafi, har da wata da suka yi shekara ba sa gaisawa da Marka saboda rigimar akuya. Kowace ta juye nata ta wuce, wata ko zama ba ta yi ba. Masaki ya cika ya yi tozo. Marka ta tsaya riƙe da tsintsiya, tana ta jera godiya har bayan sun fice. Daga cikin ɗaki tsoho ya ce, "Bar shi, 'yata, sun ji." Wannan karon ita ta ɗauki kayanta a ka ta kai gidan Tarana, suka niƙa tare.

Wata rana aka ɗora tukunya. Tarana ta nuna mata yadda ake dama garin, da yadda ake barinsa ya kwanta, da lokacin da ake ƙara wuta. Ana tsakiyar dahuwa tsoho ya yi kira daga ɗaki. Marka ta miƙa wa Tunau muciya ta ce, "Tsaya nan ka riƙa juyawa, kada ta kama." Da ta fito ta tarar da shi a gaban murhu, muciya a kafaɗa, yana ta juyawa kamar ɗan bori, yana satar kallon tukunya ta gefen ido. Ya ce, "Ba ta kama ni ba, Yaya, ko sau ɗaya!" Yana rufe baki jiri ya kwashe shi ya zube cikin itace. Marka ta fizgi muciya ta kai gindin tukunya, ta ji ya fara ɗan kamawa, ta kankare da sauri. Tarana ta ɗanɗana ta ce ƙaurin kaɗan ne, maza ma sun fi son ta haka. Aka tace a kwando, aka juye a randa, aka aika wa maza cewa gobe gayya a gonar Ranau.

Saura abu guda. Sabuwar giya ba ta tashi da kanta, sai an zuba mata ragowar tsohuwa mai rai. Matan Gidan Kanya uwa suke ce wa wannan ragowar. Tarana ta ce tata tana nan a ɗakinta, in randa ta huce a aiko a ɗauka. Sai kuma aka zo aka tafi da Tarana wani ƙauye, 'yarta tana naƙuda.

A ranar nan, wato jajibirin gayyar, da rana ta karkata, Marka ta taɓa randa ta ji ta huce. Hankalinta yana kan tuwon da za ta tuƙa wa mutane gobe, ta ce, "Tunau, ruga gidan Inna Tarana ka ɗauko uwa, tana ɗaki. Ka riƙe ta da kyau, kada ka jijjiga ta." Sai da ya ɓace ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta dafe kai.

Ba a jima ba sai ga shi yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A bayansa, goye da zani, ga Kaka Ayashe, mahaifiyar Tarana, tsohuwar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun da daɗewa, har yaran ƙauyen ba su san kamanninta ba. Ta ƙanƙame wata baƙar ƙwarya a ƙirji, tana ta waige-waige.

Tunau ya ce, "Ga ta, Yaya. Ban jijjiga ta ba."

Marka ta zube a ƙasa ta ce, "Kaka, ki yi mana gafara! Wallahi ba haka na ce ba. Wato haka na ce, amma ba haka nake nufi ba."

Tsohuwa ta ce, "Ke, rufe mini baki. Rabona da in ga bayan katangarmu har na manta. Ashe tsamiyar bakin rijiya ta faɗi? Ba wanda ya gaya mini. Sauke ni a inuwa, ɗan albarka. Ya zo zai ɗauke ni na ce ba inda za ni ba ƙwaryata, ya tsaya na lalubo ta. Yaran yanzu wa zai tsaya?"

Aka shimfiɗa mata tabarma. Ranau ya jiyo muryarta daga ɗaki ya ce, "Wa nake ji kamar Ayashe?" Ta ce, "Wa nake ji kamar yaron da ya sace mini gwanda?" Suka yi ta dariya ta cikin ƙofa. Sannan ta juyo ga Marka ta tambayi abin da aka aika a ɗauko. Marka ta faɗa mata.

Tsohuwa ta ce, "Ta cikin tulun bayan ƙofa? Ai wannan ta mutu. Ɗakin yana yoyo, ruwa ya shiga. Ina kwance ina jin warinta yana canzawa, ba wanda ya tambaye ni. Da kin zuba ta a randar nan, gobe ko awaki ba za su sha ba."

Marka ba ta yarda ba sai da ta je da kanta. Ta buɗe tulun, wani tsami mai ɗoyi ya buge ta har ta ja da baya. Ta bi gidajen mata tana tambaya, ba mai uwa, don duk sun juye mata tsironsu, ba wadda ta dafa giya a makon. Ta dawo ta tsaya gaban randarta. Ga kaya sun haɗu, ga wahala ta ƙare, ga maza an riga an gaya musu, abin da ke ciki kuwa ruwan zaƙi ne kawai.

Kaka Ayashe ta ce, "Ɗan albarka, matsar da ni kusa." Tunau ya ɗauke ta ya kai ta bakin randa. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wa ya ce miki ba ki iya ba?" Sannan ta ɗaga baƙar ƙwaryar nan ta ce, "Tun ina amarya nake ɗibar giya da wannan. Ba ta taɓa ganin toka ko sabulu ba, ɗauraya kawai. Duk giyar da Tarana ta dafa, a cikinta nake shan rabona. Kin ga farin nan da ya kama cikinta? Uwar da kike nema ke nan, ta fi ta tulu ƙarfi." Ta saki ƙwaryar a cikin randa, ta nutsar da ita da tafin hannu, ta ce a rufe da faifai a yafa tsohon bargo, kada kowa ya leƙa.

Da gari ya waye Marka ta fito, tun daga ƙofar ɗaki ta ji wani sauti siriri kamar yayyafi a kan ganye. Ta ɗaga faifai. Kumfa ta taso fari fat har wuyan randa, tana motsi, ƙamshi ya cika gidan. Ta tsaya riƙe da faifan, hawaye na zuba, tana dariya.

Maza suka zo da fartanyoyi da makaɗi. Suka jeru a bakin gona, Tunau a tsakiya, aka buga ganga, ƙasa ta yi ta tashi. Kafin rana ta yi sanyi gonar Ranau ta fito tas, dawa ta tsaya a kan kunya tana kaɗawa. Aka zauna gindin ɗorawa, kowa ya miƙo ƙwaryarsa. Na farko ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya ce, "Tarana ta dawo ne?" Aka ce Marka ce. Ya ce to daga yau Tarana ta sami kishiyar sana'a. An ɗauko Ranau a kan gadon kara, an ajiye shi kusa da Kaka Ayashe, su biyu suna ta musu a kan shekarar da aka yi fara.

Da mutane suka fara watsewa Marka ta tsamo baƙar ƙwaryar daga gindin randa. Ta sami Tunau zaune shi kaɗai yana cire ƙaya a tafin ƙafa. Ta tsuguna a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Tunau, na gode. Da ka ɗauko abin da na aike ka, da yau mun ji kunya, da bana mun ji yunwa."

Ya ce, "Ai abin da kika aike ni na ɗauko, Yaya."

Ta ce, "Haka ne. To, yanzu tashi ka mayar da uwa gida."

Tunau ya miƙe. Ya dubi ƙwaryar da ke hannun Marka, ya dubi tsohuwar da ke kan tabarma. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Wacce?"

Kafin Marka ta amsa, Kaka Ayashe ta miƙo hannu ta karɓe ƙwaryarta ta ce, "Ba ko ɗaya. Akwai saura a randar nan, na ji da kunnena. Zuba mini."